Me Ka Sadaukar? Sharhi kan Injinan Yaƙin da Masoya BattleTech ke Ƙerawa

Duk wanda ya daɗe yana duba injinan yaƙin da masoya wasan BattleTech ke zanawa da kansu zai lura da wani abu mai ɗaure kai. Mafi yawansu sun fi waɗanda kamfanin wasan ya buga a littattafansa ƙarfi, sun fi su kaurin sulke, sun fi su jure zafi, amma da wuya ka tuna ko ɗaya bayan mako guda. A ganina laifin bai tsaya kan masu zanen kaɗai ba. Waɗanda ake miƙa wa takarda a ce "duba mini wannan" suna da nasu kason, domin ma'aunin da suka saba ɗora aikin a kai shi ke koya wa sabon shiga irin abin da zai ƙero gobe.

Ga wanda bai san wasan ba, kamfanin FASA na birnin Shikago a Amurka ne ya fitar da shi a 1984 da sunan Battledroids, sannan ya koma BattleTech a shekarar da ta biyo baya. Tun 2007 kamfanin Catalyst Game Labs ke buga shi. A kan tebur ake yinsa: a shimfiɗa taswira mai gidaje masu kusurwa shida, kowane gida a matsayin mita 30, kowane zagaye daƙiƙa 10, a jefa ƙwayoyin lido biyu don sanin ko harbi ya samu. Abin da ake turawa fagen fama shi ne mek, wato ƙaton inji mai tafiya da ƙafafu wanda mutum ɗaya ke tuƙawa, nauyinsa daga tan 20 zuwa tan 100. Abin da ya raba wasan nan da takwarorinsa shi ne tun farkon zamaninsa ya buɗe wa kowa ƙa'idojin ƙira. Da fensir da takarda za ka haɗa naka injin, kuma idan lissafinka ya yi daidai, babu abin da zai hana shi tsayawa gaban na cikin littafi. Yanzu akwai manhajoji irin su MegaMekLab da ke yi wa mutum lissafin, shi ya sa zane-zanen suka yi yawa fiye da yadda wani zai iya ƙirgawa.

Sai an ga lissafin kafin a gane inda matsalar take. Mu ɗauki mek mai tan 50 da ke tafiyar gida 4, ya yi gudun gida 6. Ƙwarangwal ɗinsa yana cin kashi goma cikin ɗari na nauyin, tan 5 ke nan. Ƙarfin injinsa shi ne nauyi sau tafiya, wato 200, kuma irin wannan injin tan 8.5 ne. Na'urar da ke riƙe masa daidaiton tsayuwa tan 2, mazaunin matuƙi tan 3. An kashe 18.5, saura 31.5. A cikin wannan ragowar ne za a sayi sulke, da makamai, da harsashi, da lagireto masu zuƙe zafi, ban da guda 10 da ke zuwa kyauta tare da injin. Hunchback na cikin littafin Technical Readout: 3025, wanda ya fito a 1986, ya raba nasa kamar haka: tan 10 na sulke, tan 14 na babbar igwar AC/20, tan 2 na harsashinta, matsakaitan leza biyu, ƙaramar leza ɗaya mai rabin tan, da ƙarin lagireto uku. Bai bar ko kilo ɗaya ba.

To, ba mai zane na gida wannan tan 31.5 ɗin ka ga abin da zai yi. Cikin minti goma zai gano abin da kowa ya gano kafinsa. Matsakaiciyar leza tan 1 ce, tana yin ɓarnar maki 5, tana haifar da zafi 3, ba ta buƙatar harsashi. Guda huɗu suna yin ɓarnar 20, daidai da igwar AC/20, a nisa iri ɗaya na gida 9. Zafinsu 12 ne, na igwar 7, sai ka ƙara lagireto biyar ka cike giɓin. Tan 9 ke nan a madadin 16, kuma ba ka ɗauke da abin da zai fashe a ƙirjinka. Daga nan hanya ɗaya ce: a cika sulke har iyakar da doka ta yarda, a jera leza, a zuba lagireto a sauran gurbin. Mutum ɗari za su zauna a ƙasashe daban-daban, ba su san juna ba, su fito da inji ɗaya, bambancin kawai sunan da kowa ya raɗa masa. Ko wannan ɗin ma littafin ya riga su, domin Hunchback yana da ƙani, samfurin 4P, mai matsakaitan leza takwas da lagireto 23.

Ba na raina lissafi. Shi ne ma aikin farko na mai dubawa, kuma wanda ya tsallake shi ya ci amanar wanda ya kawo masa takarda. A tabbatar nauyin ya cika bai wuce ba. A duba sulken kai bai haura maki 9 ba, na sauran gaɓoɓi bai ninka ƙashin da ke ƙarƙashinsa fiye da sau biyu ba. A tuna cewa inji mai ƙarfin 200 lagireto takwas kawai yake ɓoyewa a cikinsa, sauran sai an nema musu gurbi a jiki. A lissafa zafi da gaskiya, har da na gudu da na tsalle, domin zafi idan ya taru ya kai 5 tafiya na raguwa, a 8 saiti ya fara lalacewa, a 14 injin na iya mutuwa, a 19 harsashi na iya tashi. Akwai kuma ilimin da sai wanda ya daɗe a harkar ke da shi, kuma kyauta ce babba idan ya ba sabon shiga. Misali, mek mai tan 55 da ke tafiyar gida 5 da tsallen gida 5 yana da ragowar tan 25.5, amma mai tan 60 da irin wannan saurin ragowarsa 24 ce kacal, saboda injinsa ya tashi daga tan 15.5 zuwa 19, kuma bututun tsalle ya ninka nauyi daga tan 60. Wanda ya fi girma ya fi ƙarancin kaya. Wannan ne sirrin da ya sa Griffin da Wolverine suka zauna daram a tan 55, Quickdraw mai tan 60 kuma kullum yake kamar an ƙware shi. Mai dubawa da ya nuna wa yaro wannan ya koya masa abin da zai amfane shi shekaru.

Inda nake rabuwa da yawancin masu sharhi shi ne abin da ke biyo bayan lissafin. Su a nan suke tsayawa, ko kuma su ci gaba da tura zanen zuwa wancan inji guda da kowa ke ƙerawa: cire bindigar nan, ƙara sulke can, me ya kai harsashi ƙirji, me za ka yi da wannan igwar. Kowace shawara daidai ce idan aka ɗauke ta ita kaɗai. Idan aka bi su duka, sai a wayi gari abin da ya sa zanen ya zama na wannan mutumin ya ɓace.

Tambayar da ta kamata ta biyo baya ita ce: wa ya ƙera wannan injin a cikin duniyar wasan, a wace shekara, da wane kaya, don wane aiki, kuma me ya haƙura da shi kafin ya samu abin da yake nema? BattleTech ba lissafi ne zalla ba, yana da tarihi da ya fi na wasu ƙasashen gaske tsawo a rubuce. A shekarar 3025 ta labarin, babbar daular Star League ta daɗe da rushewa, Janar Aleksandr Kerensky ya kwashi mafi yawan rundunarta ya yi hijira a 2784, manyan gidajen sarauta biyar, Davion da Steiner da Kurita da Marik da Liao, sun shafe ƙarnuka suna ƙona masana'antun juna har ilimin ƙira ya ja baya. Mek ya zama gado, uba ya bar wa ɗa. Wanda ya taɓa tsayawa a garejin bakanike ya ga yadda ake raya tsohuwar mota da kayan wata da ta mutu ya san irin duniyar da ake nufi. A can ba ka zaɓar abin da ya fi kyau, abin da masana'antar ƙasarka ke iya fitarwa shi kake ɗaurawa.

Da wannan idon ake gane injinan da masu lissafi ke yi wa dariya. Charger tan 80 ne, an saka masa inji mai ƙarfin 400 wanda shi kaɗai ya cinye tan 52.5. Bayan ƙwarangwal da sauran dole, tan 12.5 ya rage: 10 na sulke, 2.5 na ƙananan leza biyar waɗanda ba sa wuce gida 3. A takarda asara ce tsantsa. Amma labarinsa ya ce an so ne a yi ɗan leƙen asirin da ba a kashe shi da sauƙi, aka biya kuɗi, aka ƙera da yawa, sannan sojoji suka rasa yadda za su yi da shi. Daga wannan kuskuren abubuwa nawa suka fito? Gidan Liao ya rage masa inji ya ɗaura masa AC/20. Gidan Kurita ya gina Hatamoto-Chi a kan ƙwarangwal ɗinsa. A kan tebur kuwa, wanda aka ba Charger dole ya koyi wani salon faɗa, ya bi bayan tudu, ya jira, ya rugo da gudu ya banke abokin gaba, domin bankarsa maki 8 ce a kowane gidan da ya ratsa, shurinsa kuma 16. Mutane na ba da labarin ranar da Charger ɗinsu ya kayar da wanda ya fi shi. Ban taɓa jin mai ba da labarin ranar da jerin lezarsa ya yi abin da aka san zai yi ba.

Rifleman ma haka. Manyan lezarsa biyu kaɗai suna haifar da zafi 16, lagiretonsa 10, sulkensa tan 7.5 a jikin tan 60. An ƙera shi don kakkaɓo jiragen sama, inda ake sakin wuta gaba ɗaya na ɗan lokaci sannan a huce. Ƙarancin injina ne ya jefa shi sahun gaba, kuma matuƙinsa kowane zagaye yana cikin shawara da kansa: in saki duka in gasu, ko in yi harbi rabi in rayu? Awesome, wanda kowa ya yarda ƙira ce mai kyau, shi ma ba a bar shi ba tare da ɗan ƙunci ba. Manyan makamansa uku na PPC suna ba da zafi 30, lagiretonsa 28, don haka matuƙansa suka saba da kiɗan uku, uku, biyu. Wannan ɗan giɓin na maki biyu shi ya ba injin hali. Da an cike shi, da an samu inji mafi inganci da wasa mafi ƙarancin daɗi, saboda an ɗauke wa ɗan wasa shawarar da zai yanke.

A nan ne ma zan koma kan igwar da muka ce leza huɗu sun fi ta. Lissafin ya ɓoye wani abu. Leza huɗu suna watsa ɓarnarsu a gaɓoɓi daban-daban, biyar nan, biyar can. AC/20 tana zuba 20 ɗinta wuri guda. Kan mek, sulke da ƙashi, bai wuce maki 12 ba, kuma ƙafar ƙaramin mek ba ta jure irin wannan dukan. Shi ya sa idan Hunchback ya laɓe a lungun gari, duk gidaje tara da ke kewaye da shi sai su zama wurin da ba mai son shiga. Tsoron nan ba ya fitowa a jadawalin ɓarna, amma shi ke juya wasa. Mai dubawa da bai taɓa zama a tebur ya ji wannan tsoron ba zai ce a cire igwar, kuma zai ɗauka taimako ya yi.

Na san abin da za a ce mini, kuma magana ce mai nauyi. Wasa ne na yaƙi, kowa nasara yake nema, don me za a hana mutum ƙera abin da ya fi ƙarfi? Ba a hana shi ba. Wasan ma yana da ma'auninsa, Battle Value, wanda ke ba kowane inji farashi gwargwadon ƙarfinsa, ta yadda wanda ya zo da gwanin inji zai tarar abokin karawarsa ya zo da biyu masu araha. Akwai kuma farashin kuɗin cikin labari ga masu buga dogon kamfen na sojojin haya. Saboda haka mai dubawa na gari yakan tambayi farashin kafin ya yaba ƙarfin. Abin da nake ƙi shi ne a mai da inganci shi kaɗai ne abin yabo, har yaro ya ɗauka cewa duk zanen da ke da rauni kuskure ne. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma zanen da ke nuna zomon bai nuna gudun ba akwai abin da yake ɓoyewa.

Sai dai akwai wani rami a ɗaya ɓangaren, kuma waɗanda suka yarda da ni su suka fi faɗawa cikinsa. Mutum ya ji an ce aibi na ba inji hali, sai ya ƙera injinsa cikakke sannan ya manna masa tan ɗaya na harsashin mashinga a tsakiyar ƙirji don a ce ya yi kama da na littafi. Wannan ado ne, kuma ana ganewa. Gaskiya ne Warhammer na asali yana ɗauke da wannan tan ɗin, harbi 200, wanda idan ya tashi ɓarnarsa 400 ce, ta isa ta kashe kowane mek sau da dama. Amma bindigogin suna da dalili, su ne maganin sojan ƙasa da ke laɓe a gine-gine, kuma littafin da kansa ya nuna cewa gidan Davion ya ga haɗarin ya fitar da samfurin 6D da ya cire su ya ƙara sulke da lagireto. Rauni na gaske yana fitowa ne daga abin da maƙerin ya nace sai ya samu. Idan na tambayi mai zane dalilin raunin injinsa ya ce "don kada ya yi ƙarfi da yawa", na san bai gama tunani ba. Idan ya ce masana'antar da ke wannan duniyar igwar AC/5 kawai take iya yi, kuma sarkin yankin ya ƙi sayen makami daga maƙwabcinsa, to mun fara magana.

Lamarin ya ƙara tsanani daga 1990, lokacin da Technical Readout: 3050 ya kawo mamayar Clans, jikokin rundunar Kerensky, da fasaharsu. Lagireto mai ninki biyu ya sa goman nan na kyauta suka koma zuƙe zafi 20. Injin XL ya rage rabin nauyi. Babbar leza mai bugun zuciya ta Clans tana rage maki biyu daga lambar da ake nema a ƙwayar lido, kwamfutar saiti ta rage ɗaya. Kada a raina maki biyun nan: neman 9 ko fiye yana samuwa sau 10 cikin 36, neman 7 ko fiye sau 21. An ninka sa'a ke nan da ɗoriya. Duk mai zanen da aka sakar wa wannan rumbun ba tare da iyaka ba wuri ɗaya zai dosa, kuma abokan wasansa za su daina gayyatarsa. Don haka kafin in karanta jerin makamai nakan nemi shekara da ƙasa. Zanen da ya ce na wata ƙaramar daula ce a bakin iyaka a 3025 amma yana ɗauke da kayan Clans ya faɗi tun daga layin farko, ko da lissafinsa ya cika cif. Kuma ko a zamanin sabuwar fasaha ciniki bai ƙare ba. Injin XL na mutanen Inner Sphere, wato yankin manyan gidajen sarautan nan biyar, yana cin gurbi uku a kowane gefen ƙirji, kuma rauni uku a inji mutuwa ce, wato rasa gefe ɗaya ya gama da mek ɗin, ga tsada ninki huɗu. Mai zanen da ya sa shi a injin da aikinsa tsayawa a sha duka, ya kamata a tambaye shi ko ya lura.

Kan siffa ba zan daɗe ba. Wasan ya sha wahalar da ta isa darasi: fitattun injinansa na farko, irin su Warhammer da Marauder, an samo hotunansu ne daga zane-zanen talabijin na Japan kamar Macross, kuma rikicin haƙƙin mallaka ya sa aka ɓoye su shekaru masu yawa har sai da aka sake zana su. Mai zane na gida da ya ɗauko hoton wani ya sauya masa fenti, a gaya masa gaskiya cikin mutunci. Abin da nake nema a hoto shi ne ya yarda da takardar: idan igwar tana gefen dama a lissafi, in gan ta a dama, in kuma ga nauyinta a yadda injin ya tsaya.

Saura yadda ake faɗin duk wannan ga mutumin da ya kawo aikinsa. Sau da yawa matashi ne, ko babba da ya dawo wasan bayan shekaru, kuma irinsu sun ƙaru tun da kamfanin ya tara fiye da dala miliyan 2.5 a dandalin tara kuɗi na Kickstarter a 2019, da fiye da miliyan 7 a 2023, sababbin akwatuna suka cika shaguna. Ya ɓata dare yana ƙirga rabin tan. Jerin lezar da ya kawo ba abin kunya ba ne, alama ce ta cewa ya fahimci ƙa'idojin, kuma ya cancanci a faɗa masa haka kafin komai. Bayan nan sai a ba shi aiki mai iyaka. A ce masa: ga tan 45, shekara 3025, mai sayen gwamnan wata duniya ce mai hamada, 'yan fashi ke damunsa, kuɗinsa kaɗan, kuma tilas ka yi amfani da igwar da ake ƙerawa a garinsa. Ya dawo da zanen, a buga takardar, a ɗora shi a taswira gaban Phoenix Hawk ko Vindicator, a yi wasa uku, a sauya hannu a na huɗu ya fuskanci injin nasa da kansa. Sharhin da za a rubuta bayan wannan zai ƙunshi zagayen da ya tsaya yana shawarar ko ya saki wuta duka, da gefen da ya riƙa juyawa don kare harsashinsa, da nisan da abokin karawarsa ya ƙi yarda ya shigo.